Wanda Ya Sayi Gida Mai Shari'a, Har da Shari'ar Ya Saya

Makon jiya ɗan baffana ya taso daga Gafasa ya same ni da albishir. Ya sayar da gonar gadonsa da shanu biyu, ya haɗa da abin da ya tara a fatauci, yana so ya mallaki gida a birni saboda karatun 'ya'yansa. Dillali ya nuna masa wani a sabon rukunin gidaje da ke kan hanyar Wudil, farashinsa ƙasa da na maƙwabta nesa ba kusa ba. Da na tambayi dalilin arahar, sai ya ce, "Yaya, wai ƙungiyar masu gidajen ce take shari'a da kamfanin da ya gina. Amma dillali ya ce wannan tsakaninsu ne, babu ruwana."

A nan gizo ke saƙar. Da ruwansa, har da tsakinsa.

A Gafasa, mai sayen gona ba ya biyan kuɗi sai ya je wurin mai unguwa, ya ji ta bakin dagaci, ya tara maƙwabtan iyaka, ya tabbatar magada sun yarda. Babu dattijon da zai bari a sayar da gonar da ake ja-in-ja a kanta. Abin mamaki, mutumin da ya san wannan sarai, da zarar ya ga fenti da tayil da mai gadi a bakin get, sai ya ajiye hikimar gida. Alhali kuwa a birni ma akwai mai unguwar da ake tambaya, sai dai sunansa rajistarar kotu da ofishin KANGIS.

Ƙa'idar kotu a fili take: wanda ya sayi kadarar da ake shari'a a kan mallakarta, hukuncin da aka yanke zai hau kansa, ko da bai taɓa taka harabar kotun ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta ce ba a sauya hannun filin da ke da takardar gwamna sai da amincewarsa. Saboda haka rasit da takardar yarjejeniyar da kamfani ya buga wa hatimi ba su ne mallaka ba. Malamanmu na fiƙihu sun riga kowa faɗakarwa, tun da suka hana cinikin garari, irin sayen kifi a ruwa, wanda mu kuma muke kira cinikin biri a sama.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a je da su nesa neman misali. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta rushe shagunan Filin Idi, waɗanda 'yan kasuwa suka zuba dukiyarsu a ciki. Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, amma daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko mai nasara a kotu ba lallai ya ga dukan haƙƙinsa a hannu ba.

Duk da haka, ban ce kowace ƙara dalilin gudu ba ce. Shari'a suna ta tara. Idan ƙungiya tana neman a kammala magudanar ruwa ne, ko a kafa taransifoma da rijiyar burtsatse da aka yi alkawari, wannan matsala ce mai farashi, ana iya lissafa ta a cire daga kuɗin gida. Hasali ma, ƙungiyar da ta iya haɗa kai ta ɗauki lauya ta fi wadda ta yi shiru gini na tsagewa. Amma idan ƙarar ta taɓa asalin filin, ko kamfani ya jinginar da takardar rukunin gaba ɗaya a banki, to komai arahar, tsada ce.

Abin da na gaya wa ɗan baffana ke nan: kada ya ba da ko kuɗin kafin alƙalami sai lauyansa, ba na kamfani ba, ya karanto takardun ƙarar. Ya zauna da shugabannin ƙungiyar ya ji nawa kowane gida ke bayarwa na karo-karon lauya, da bashin da ke kan gidan da zai saya. Ya kuma tambayi mai sayarwa dalilin gaggawarsa, domin dillali la'adarsa yake nema, ranar hukunci ba za a gan shi ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, idan wani ya riga ni fa?" Na ce masa gida in ya wuce wani zai zo, amma gonar baffa ba za ta sake dawowa a sayar ba. Ya koma Gafasa da kuɗinsa. Litinin mai zuwa za mu je kotun tare.