Jinginar Gona: Talakawa A Yi Hattara

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi ya ga yadda gonaki suka haɗe da juna, ba daji ba saura. Uba ya mutu, 'ya'ya biyar su raba gona guda, kowa ya tashi da ɗan gayauna. To, ita ce kuma in ciwo ko biki ko yunwar damina ta matsa, mutum ya ɗauka ya jinginar.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya karɓi gona, ya noma gero da gyaɗa shekara da shekaru, bashinka kuwa yana nan ko kwabo bai ragu ba. Da me za ka fanshe, tun da abin da za ka noma ka biya yana hannunsa? Ran da ka koma neman ƙari, sai a ce a cika maka a bar zancen. Shi ke nan, mai gona ya zama ɗan ƙwadago a gonar ubansa.

Amma fa mu sani, a fiƙihun Malikiyya jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don wa'adi ya cika. In biya ya gagara, gaban alƙali za a je, a sayar, a ba shi kuɗinsa, ragowar ta koma ga mai gona. Dokar Ƙasa ta 1978 ita ma ta ce ba a jinginar da gonar gargajiya sai da yardar ƙaramar hukuma. Mutum nawa aka taɓa gaya wa wannan a ƙauye?

Wani zai ce a tafi banki mana. Banki takardar mallaka yake nema mai sa hannun Gwamna, mu kuwa shaidarmu dagaci ne da maƙwabta. Bankin jinginar gidaje da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1977, da asusun gidaje na 1992 wanda aka tsara bisa cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, duk da ma'aikaci a zuciya aka yi su. Manomi da ɗan tireda ina suka ga albashi?

Saboda haka muna kira ga hukuma ta sauƙaƙa wa manoma samun takardar gonakinsu, ta kuma buɗe rance marar ruwa kafin faɗuwar damina. Ku kuma 'yan'uwa, in jingina ta zama tilas, a rubuta ta gaban shaidu, a faɗi kuɗin, a faɗi wa'adi, a rubuta sarai cewa jingina ce ba ciniki ba. 'Yan kasuwanmu masu ɗan hali kuwa, ku ji tsoron Allah: wanda kuka raba da gonarsa bana, ba shi da abin da zai kawo muku kasuwa baɗi.