Wa Zai Zana Dawakin Yandaka da na Maradi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar Sallah, sa'ad da hakiman Katsina ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jama'arsa da makaɗansa, ga ayarin Yandaka daga Dutsin-Ma, ga na Maradi daga Kurfi, ƙura kuwa ta tashi ta gauraya da hasken hantsi har rawunan mahaya su zama kamar suna iyo cikin hazo, ya san cewa akwai wani abu a wannan sa'a wanda ido ke gani, zuciya ta riƙe shi kwana biyu, sa'an nan ya shuɗe. Samari suna ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, ban kuwa raina wannan ba. Amma galibin hotunan nan suna salwanta tare da wayar da ta ɗauke su, waɗanda suka saura kuma suna nuna doki ne kamar yadda na'ura ta gan shi, alhali wanda ya tashi a gidan da ake turke ingarma ya san wata irin gani dabam. Abin da nake roƙo shi ne a samu daga 'ya'yan ƙasar nan masu zana dawaki da launin ruwa, a kuma ɗauki aikinsu a matsayin ilmi.

Dalilina na farko yana cikin gafakar almajiri. Launin ruwan da ake sayarwa a 'yan ƙananan kwalaye ana kawowa daga Turai ko Sin, asalinsa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, watau wannan ƙaron da dakwara ke zubarwa, wanda Nijeriya ke cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi tare da Sudan da Chadi, ana tsintarsa a Borno da Yobe da Jigawa. Shi ne kuma ƙaron da malamanmu ke sa wa tawada domin ta kama allo ta yi sheƙi. Wanda ya ga allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da jansa da rawayarsa da korensa, da yadda mai zayyanar ke riƙe numfashi kafin ya ja layi domin ya san kuskure ba ya gyaruwa, ya riga ya ga rabin wannan sana'a a zauren unguwarsu. Muna sayar da ƙaron da buhu, a komo mana da shi a kwali, mu ce baƙon abu ne.

Sana'ar kuwa tana da sharuɗɗa masu wuya. Mai zanen launin ruwa ba shi da farin fenti da zai dogara a kansa. Farinsa shi ne takardar da ya bari bai taɓa ba, saboda haka tun kafin ya tsoma burushi a ƙoƙo sai ya yanke shawarar inda rana za ta faɗa a kan kuturin kili, da inda ƙarfen likkafa zai ƙyalla, ya kewaye wuraren nan ya bar su. Daga nan yakan fara da launi mai yawan ruwa, ya jira ya bushe, ya ɗora wanda ya fi shi duhu, har ya isa ga baƙin geza da na kofato a ƙarshe, domin haske ba ya hawa kan duhu a wannan fanni. Idan yana son ƙurar sukuwa sai ya jiƙa takardar tukuna, ya ɗiga jar ƙasa a kai, ya bar ruwa ya kai ta inda ya so. A nan aikinsa ya zama rabi tadbiri, rabi tawakkali. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin jarrabawa, domin iskar hunturu takan shanye ruwan kafin hannu ya komo daga ƙoƙo, da damina kuwa takarda takan daɗe da laima har launi ya zarce iyakar da aka yi masa. Wanda ya lazimci wannan sana'a shekara biyu zai fito da haƙuri da natsuwa irin waɗanda muke nema wa 'ya'yanmu a kowace makaranta.

Amma hannu kaɗai ba ya isa, sai da sanin dokin kansa, kuma a nan ne nake ganin ɗan Kurfi ko ɗan Dutsin-Ma ya riga kowa samun gado. Bature George Stubbs na Ingila ya keɓe kansa a wani gidan gona wajen wata 18 yana feɗe matattun dawaki yana zana jijiya da ƙashi, kafin ya fitar da littafinsa a kan ƙirar jikin doki a 1766. Masu zanen Turai kuma sun daɗe suna zana doki mai sukuwa da ƙafafunsa a miƙe gaba da baya, har sai da hotunan Eadweard Muybridge na 1878 a Amurka suka nuna cewa lokacin da ƙafafu huɗun ke barin ƙasa a naɗe suke ƙarƙashin ciki. Mu kuwa muna da shamaki da yaran barga waɗanda tun suna ƙanana suke yankan ciyawa, suna ba da harawa da dusa da kanwa, suna gane lafiyar dabba daga yadda ta ɗaga kunne. Harshenmu ma ya ajiye wa mai zane ƙamus na launi: akawal da kili da danda da hurde da gunya da bikili, kowanne da kamarsa, kuma tsohon mahayi ba zai yarda a musanya masa ɗaya da ɗaya ba. Haka sirdi da linzami da ragama da jalala, da lifidi da kwalkwalin 'yan lifida, duk suna da ɗinki da ado da yadda suke zama a jikin doki, wanda baƙo kan zana su da ƙiyasi.

Na san mas'alar da ke ran mai karatu, watau hukuncin zana sura, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda mazhabarsu ce ƙasar nan ta ginu a kai, sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, watau wadda aka sassaƙa ko aka gina da cikakkun gaɓoɓi, wadda suka haramta, da wadda aka shimfiɗa a takarda ko a ƙyalle ba ta da inuwa, wadda hukuncinta a wurinsu bai wuce karhanci ba. Akwai kuma malamai na wasu mazhabobi da suka tsananta fiye da haka. Wanda ya nisanci taswira baki ɗaya saboda tsantseni, girmamawa ce haƙƙinsa a kanmu. Sai dai ya kamata a tuna cewa Muƙamar Hariri, wadda malamanmu na zaure ke karantarwa a fannin lugga, an yi mata wani kwafi a shekarar 1237 ta Miladiyya wanda Yahaya al-Wasiɗi ya rubuta ya kuma ƙawata da zane, yana nan a ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa, kuma a cikin fitattun shafukansa akwai ayarin mahaya da tutoci da ƙahonni da ganguna suna shelar ƙarewar azumi. Bahaushen da ya dubi wannan shafi zai ga abin da ya yi kama da hawan Sallar garinsu, an zana shi kusan shekara 800 da suka wuce, da hannun Musulmi masanin Larabci. Doki kuwa dabba ce da Ubangiji ya yi rantsuwa da ita a farkon Suratul Adiyati, kallon halittarsa da idon basira yana daga cikin tafakkuri.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, waɗanda suka fi shahara da zana dawakinmu galibinsu daga wani wuri suka zo. Ben Enwonwu ya zana hawan Sallar Kano a 1955. Jimo Akolo, wanda ya yi karatu a kwalejin Zariya a zamanin da ɗalibanta suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, ya zana mahayan Arewa. Madalla da su, sun yi aiki nagari. Amma Katsina ce ƙasar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya dasa wasan ƙwallon dawaki a nan, ita ce ƙasar Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981 kuma sunansa ya kai ƙasashen waje a wannan wasa, don haka bai dace a ce labarin dawakinta kullum a bakin baƙo za a ji shi ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Babur ya karɓi aikin da doki ke yi a ƙauye, kuɗin dawa da harawa ya sa masu turke da yawa sun kwance, rashin tsaron da ya addabi Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari kuma ya sa ajiye dabba mai daraja ya zama abin fargaba. Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, abin farin ciki ne, amma takardar shaida ba ta ajiye kamannin wani akawal guda da ke bargar wani hakimi a bana.

Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, watau akwai malamai da ɗalibai da ɗakunan da za a rataye aiki jama'a su gani. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba: takarda mai kauri, da kwalin launi, da burushi biyu ko uku, da izinin masu sarauta a bar yara su zauna gefen barga. Ina ganin a fara a makonnin da ke gabanin Sallah, lokacin da ake fito da dawaki kilisa da la'asar, a zaunar da ɗalibi goma a inuwa, kowanne da ƙoƙon ruwansa, a kuma sa wani dattijo daga cikin masu kiwon dawakin ya riƙa zagayawa yana duba takardunsu, yana faɗa musu inda suka sa gwiwa ba a muhallinta ba.