Sabis ɗin waya a karkara bashi ne a wuyan gwamnati

A ƙauyuka da yawa na Arewa akwai wani wuri da kowa ya sani, ko da yake ba a kafa masa allo ba. A wani garin suri ne a bayan gari, a wani kuma gindin tsamiya ne ko katangar makarantar firamare. Nan ne ake samun sabis. Da la'asar ba a rasa mutum uku ko huɗu a wurin, kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa a hankali kamar mai duban wata, yana jiran sanda ɗaya ta fito. In ta fito sai ya ƙame, don taku ɗaya ya isa ya ɓatar da ita. Akwai gidajen da ke rataye waya cikin leda a reshen bishiya, a bar yaro yana gadi, in ta yi ƙara ya sheƙa ya kira mai ita.

Fiye da shekara ashirin ke nan da shigowar wayar salula Najeriya. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki, Glo ta biyo baya a 2003. Yaron da aka haifa a wancan lokaci yau magidanci ne, amma a wasu garuruwan har yanzu suri yake hawa kafin ya gaisa da ɗan'uwansa da ya tafi cirani Legas.

Da a ce waya kayan alatu ce, da ba mu ɗaga murya ba. Gwamnati ce da kanta ta kwashe rayuwar jama'a ta ɗora a kan waya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a rufe masa. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka ce wa mutane su koma tura kuɗi ta waya. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a watannin nan ya ga abin da ya faru: manomi ya kawo buhun masara, mai saye ya ce ya tura, alat bai shigo ba, mai POS yana ta jijjiga na'ura tana cewa a sake gwadawa, har rana ta faɗi. Da yawa sun karyar da kayansu ga mai tsabar kuɗi a hannu don kawai su koma gida da abin cefane. A zaɓen wannan shekarar ma, na'urar BVAS sai da sabis take iya tura hoton sakamako daga rumfa. Wanda ya wajabta wa mutum abu, shi ke da alhakin samar masa hanyar yin sa.

Ba ɓoyayyen abu ba ne dalilin da ya sa kamfanoni ke ja da baya. Turken sadarwa a ƙauyen da babu wutar lantarki da janareta yake rayuwa, dare da rana, kuma sai an yi dakon man dizal a kan hanyar da damina ke yankewa. Ɓarayi na kwashe batura. Mutanen garin kuwa katin ɗari biyu suke sakawa ya kai su mako. Ɗan kasuwa ya buga lissafi ya ga babu riba, ya kai jarinsa Abuja ko Fatakwal. Ba za mu zarge shi da rashin iya lissafi ba. Saboda irin wannan giɓin ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC, domin a ɗauki wani kaso na kuɗin da kamfanoni ke biya a kai sabis inda kasuwa ba za ta kai shi ba. Asusun ya yi ayyuka, amma ma'aikatar sadarwa da bakinta tana cewa har yanzu sama da mutum miliyan 20 ba su da sabis. Mutum miliyan 20 sun fi yawan al'ummar ƙasashe da dama a Afirka.

Arewa kuma tana da nata ƙarin nauyin, wato nisa. Manyan igiyoyin intanet da ke bi ta ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano da ta iso a 2022, a gaɓar Legas suke sauka. Daga nan sai an haƙa rami an binne wayar fayiba ta yi tafiyar kusan kilomita dubu ko fiye kafin ta kai Sakkwato ko Maiduguri, kuma kowace jiha da ta ratsa tana karɓar kuɗin izinin haƙa a kan kowace mita. An daɗe da amincewa a kan naira 145 a mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta rage nata daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe shi baki ɗaya. Wasu jihohin sun bi sahu, wasu kuma suka yafe a takarda, amma kamfani ya zo ya tarar da wasu kuɗaɗen da aka sauya wa suna, daga ma'aikatar ayyuka, daga hukumar tsara birane, daga ƙaramar hukuma. Gwamnan da ke ɗaukar wayar fayiba a matsayin saniyar tatsa yana karɓar 'yan miliyoyi sau ɗaya, jiharsa kuma ta yi asarar shekaru. Ga kuma 'yan kwangilar hanya da ke sa katafila su datse wayar ba tare da sun tambayi kowa ba, gari guda ya kwana babu sabis. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Muna jiran ganin ɗan kwangilar da za a sa ya biya abin da ya ɓata.

Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya yi alƙawarin intanet mai ƙarfi ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a. Alƙaluman NCC a kusan rabi suka tsaya, kuma rabin da aka samu yawancinsa a birane yake. A Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne ya ci gwanjon lasin 5G a kan dala miliyan 273.6. Wannan kuɗi baitulmali ya shiga, kuma da an ware ko da wani yanki nasa an ce na ƙauyukan da ba su taɓa ganin ko 2G ba ne, da labarin ya sha bamban.

Ba za mu wuce batun Zamfara ba. A Satumbar 2021 aka kashe sabis a faɗin jihar don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna. Mun fahimci halin da hukumomi ke ciki a lokacin. Amma abin da makonnin nan suka nuna shi ne, talaka ne ya fi jin jiki. Mai naƙuda ba ta da hanyar kiran mota. Garin da aka kai wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa zuwa maƙwabtan jihohi don kiran waya ɗaya, aka koma aika wasiƙa a hannun direbobin tasha. Ta'addancin kuwa bai ƙare ba. A ganinmu waya a hannun ɗan ƙauye kayan tsaro ce, kuma bai kamata a sake ɗaukar irin wannan mataki a kan jiha sukutum ba.

Yanzu ministan sadarwa Bosun Tijani ya zo da shirin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000, da kuma kafa dubban turaku a karkara. Wannan jarida na goyon bayan shirin, kuma muna fatan Allah ya sa a gani a ƙasa. Sai dai muna roƙon abu guda: a buga sunayen garuruwan da za su amfana, mazaɓa bayan mazaɓa, da watan da za a kunna kowane turke, domin dagaci da kansila da ɗan jarida su san abin da za su bibiya. Turken da aka kafa aka yi masa fenti amma ba a kunna ba ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A kuma fara daga inda babu komai, kada a ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi a hedikwatar jiha sannan a ce kuɗi sun ƙare.

Fasahar ma ta sauƙaƙa. Akwai ƙananan turaku masu aiki da hasken rana da ba sa buƙatar dizal, waɗanda suka dace da gari mai mutum dubu biyu ko uku. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ta fi ƙarfin aljihun manomi, amma ba ta fi ƙarfin ƙaramar hukumar da ke son haɗa asibitin sha-ka-tafi da sakandaren garin a kan na'ura ɗaya ba. Farashi kuma abin dubawa ne: tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, mai katin ɗari biyu ya ƙara nisa da data. Matan karkara, waɗanda da yawansu da wayar miji ko ta ɗa suke amfani, su ne a ƙarshen layi, kuma duk shirin da bai sa su a lissafi ba rabin gari ya yi wa aiki.

Gwamnonin Arewa 19 suna da zauren da suke haɗuwa a Kaduna. A zamansu na gaba muna son su fito da matsaya ɗaya a rubuce: a soke kuɗin izinin haƙa a duk jihohin yankin tare da 'yan'uwansa masu sauya suna, a ba da filin turke kyauta a duk mazaɓar da ba ta da sabis, sannan a damƙa gadinsa a hannun masu gari da matasan wurin, da alawus ɗin da zai riƙa fita kowane wata.