Kada ku karɓe tsintsiyar Inna

A ƙasashen sanyi akwai wani wasa da ake kira kalin, asalinsa daga Sikotlan. Ana tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara, mutum biyu na biye da shi da tsintsiya suna goge masa hanya. Tun 2002 ake yin gasarsa ta duniya ta dattawa zalla, maza daban mata daban, kuma sai wanda ya cika shekara 50 ake karɓa. Najeriya ma ta shiga ƙungiyar wasan ta duniya a 2018.

Mu nan Ƙofar Rini, ƙanƙarar da muka sani ta sanyaya zoɓo ce lokacin azumi. Amma tsintsiyar muna da ita, kuma ita muke fara ƙwacewa daga hannun iyayenmu. Da Inna ta haura sittin shi ke nan: "Zauna ki huta, ga jikoki." A miƙo mata buta, a shimfiɗa mata tabarma, gidan suna a bayan layi sai an kira mai Keke Napep.

Ladabi ne, na sani. Sai dai naman cinya in ba a mora shi ba, saki yake yi. Tsohuwar da ke wuni zaune, wata rana za ta miƙe zuwa bayi ƙafa ta kasa ɗaukarta. Mu ma'aikatan jinya mun san abin da ke biyo bayan karayar ƙugu: doguwar kwanciya, gyambon baya, ciwon huhu. Wasu ba sa sake takawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama na buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kusan minti 20 ke nan kullum. Ku bar ta ta share tsakar gida bayan asuba, kafin ranar Sakkwato ta buɗe. In tana ciwon baya, a ɗaura wa tsintsiyar sanda. Ta tashi daga kujera ta koma sau goma. Ta dafa bango ta ɗaga ƙafa ɗaya. Bayan la'asar jika ya raka ta gaisuwa a ƙafa.

Mai jiri, ciwon ƙirji ko haki, a fara kai ta asibiti. Mai shan maganin hawan jini kuma ta ɗan zauna bakin gado kafin ta miƙe, don wasu magungunan kan sa jiri.