Filin Aikin Hannu: Jirgin Koyo na Allon Soso

A wannan wata muna so mu yi magana da iyaye da samari a kan ƙaramin jirgin sama wanda ake tuƙa shi daga ƙasa da rediyo. Yaro yakan ga hoton jirgin yaƙi mai kaifin hanci, ya ce shi ne zai fara ƙerawa. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba. Duk mai koyo sai ya kā da jirginsa, ba sau ɗaya ba kuwa. Saboda haka jirgin farko ya kamata ya zama marar nauyi, mai tafiya a hankali, wanda in ya faɗi za a gyara shi da gam kafin rana ta faɗi. In ba haka ba, kuɗin da aka daɗe ana tarawa zai tarwatse cikin minti ɗaya, yaro kuma ya karaya.

Dā can da itacen balsa ake ƙera irin waɗannan jirage, aikin makonni, ga shi da saurin karyewa. Wata ƙungiya mai suna Flite Test, wadda aka fara a jihar Ohayo ta Amurka a 2010, ita ce ta yayata yin su da allon soso. Wannan allo soso ne mai tauri a tsakiya, an manna masa takarda ciki da baya. Kaurinsa wajen milimita 5 ne, girmansa inci 20 da inci 30. Reza mai kaifi, da rula, da bindigar gam, da salatif, da tsinken tsire sun isa aikin. In ana so a lanƙwasa allon, sai a tsaga takardar gefe ɗaya da soson, a bar takardar ɗaya gefen ta riƙe kamar hinjin ƙofa. Reza in ta dushe takan yage soso, sai a canja ta. A yi tsimin gam kuma, gama gam nauyi ne.

Fiffike ya zauna a bisa jikin jirgin, bakinsa biyu su ɗan ɗaga sama. Jirgi mai wannan siffa in ya karkata yakan daidaita da kansa muddin an saki sandar tuƙi. Kada a manne fiffiken da gam. A ɗaure shi da roba a kan tsinke biyu, domin in jirgi ya bugi ƙasa fiffiken ya zame maimakon ya karye. Mai koyo abu uku kaɗai yake bukatar sarrafawa: ƙarfin inji, da wutsiyar tsaye mai juya jirgi dama da hagu, da wutsiyar kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Ƙananan injuna biyu masu nauyin giram 9, waɗanda ake ce wa sarbo, su ne ke jan wutsiyoyin.

Yanzu ga babbar magana, wato daidaita nauyi. Yawancin jiragen da ke faɗuwa ran farko a nan aka kuskure. A auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, a yi alama a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaba. Sa'an nan a sa batir da komai a ciki, a ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai alamar. Ya kamata ya tsaya sosai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan. In wutsiya ta rinjaya, kada a tashe shi ko kusa. Jirgi mai nauyin baya yakan ɗaga hanci, iskar da ke ɗauke da fiffike ta kuɓuce masa, ya rikito, ko gwani ma da ƙyar zai riƙe shi. Maganin ba wuya: a matsar da batir gaba har ya daidaita.

Muna roƙon iyaye su sa ido a kan abu biyu. Farfela tana yanka yatsa kamar wuƙa, don haka a cire ta duk sa'ad da ake gwada inji a gida. Batirin kuma irin na litiyam ne, kowane ɗaki nasa bolt 3.7, yakan kai 4.2 in ya cika. In an huda shi ko an cika masa caji fiye da kima, yana iya kama wuta. A yi cajinsa da caja tasa, a kan siminti, babba yana kusa. Wanda ya kumbura a daina aiki da shi.

Ran tashi a nemi fili mai faɗi, nesa da mutane da wayoyin lantarki da filin jirgin sama, a kuma fara binciken abin da dokar ƙasa ta ce. Sassafe ya fi, kafin iska ta taso. A jefa jirgin yana fuskantar iska, a miƙe, ba sama ba. A bar shi ya yi nisa da ƙasa kafin a juya, gama can sama akwai zarafin gyara kuskure. A tuna kuma, sa'ad da jirgi ya juyo yana zuwa wajen mai tuƙi, damansa takan zama hagun mai tuƙin. Wannan ne ke ruɗa kowa da fari. In an gama, a sa shi a inuwa, domin zafin rana yana sassauta gam, raɓa kuwa tana ɓare takarda.