Tsofaffin Faya-fayan Rediyo

Tun kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996, dattawan Anka da Gummi da Bukkuyum, idan an sallame Isha'i aka shimfiɗa tabarmi, Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, ko Rima ta Sakkwato suke kamawa, domin sauraron kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo ko kuntigin Ɗan Maraya, kiɗa mai natsuwa wanda ba ya danne magana, har mutum ya tsinci hikimar kowane baiti.

Tashoshin yau, alhali sun fi yawa, talla da hayaniya sun rinjaye su. Muna roƙon Rediyon Zamfara a Gusau ya nemo waɗannan faya-fayai, ya keɓe musu sa'a guda kowane mako.