Gargaɗi Ga 'Ya'yanmu Ɗalibai Masu Raba Sallarsu Da Karatunsu

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan takarda ta fito daga hannun wani tsohon malamin makaranta a Maska, zuwa ga 'ya'yanmu da ke karatu a kwalejoji da jami'o'i na Zariya da Katsina da Dutsin-ma da Kano da sauran wurare, da iyayensu, da malaman da ke yi musu wa'azi a can. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wani abu ne da ya auku a gidanmu da daminar bara. Akwai ɗan ƙanena, yaro mai ladabi, ba ya wasa da salla, shekararsa uku ke nan yana karatun ilimin noma a wata jami'a. Ya zo hutu ya tarar tsutsa ta faɗa wa masarar ubansa, irin tsutsar nan da ta shigo ƙasarmu daga wajen Amurka a 2016, wadda ke shiga cikin zuciyar masara ta ɓuya tana ci. Uban ya riga ya sayi magani sau biyu a kasuwar Funtuwa ya fesa, ba ta mutu ba. Sai ya kira yaron ya ce, "Ga ka nan, Allah ya kawo ka, zo ka duba mini." Yaron ya tsaya a bakin gona, bai ko tuɓe takalmi ba, ya ce, "Wallahi Baba ni ban san wannan ba. An yi mana a aji, amma na jarrabawa ne. Ni dama ba noma na nema ba, shi aka ba ni."

A daren nan kuwa, bayan lisha, na ji shi a ƙofar gida da abokansa suna gardama a kan wata mas'ala ta saɓanin malamai, yana kawo sunayen littattafai da na marubutansu, ba ya tuntuɓe, har wajen ƙarfe goma sha biyu. Na ce a raina, ashe yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, yana da himma, sai dai an koya masa cewa Allah yana wancan karatun, ba ya wannan.

To, ku sani wannan koyarwa ita nake yaƙi da ita, kuma ba yaron nake zargi ba. Ba wanda ya hau mumbari ya faɗe ta da baki, amma ta zauna a zukatan ɗalibanmu kamar an rubuta an wanke an ba su sun sha. Watau addini shi ne masallacin makaranta, da ta'alimi, da azumin Litinin da Alhamis, shi kuwa aji wurin neman takardar shaida ne kawai, takarda kuwa tsanin albashi ce. Saboda haka sai ka ga yaro yana sahun farko da asuba, da hantsi kuma ya shiga ɗakin jarrabawa da amsa a rubuce cikin hularsa, zuciyarsa ba ta ko motsa ba, domin a ganinsa wannan ba ha'inci ba ne, dabara ce ta boko. Wanda ya saci amsa ya zama ma'aikacin asibiti, ran da ya ba jariri maganin da ya fi ƙarfinsa, wa za a tambaya gobe kiyama?

In ka ce, ai ilimin addini shi ne farilla, sauran kuwa neman abinci ne, sai in ce maka koma ka tambayi malamanka abin da ake kira farillar kifaya, watau aikin da in wasu suka yi ya sauka daga kan jama'a, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a farkon littafinsa Ihya ya sa ilimin likita da na lissafi cikin wannan babi, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho. Kuma ya koka da mutanen zamaninsa, cewa gari guda ba a samun likita Musulmi a cikinsa, amma kowa ya yi dafifi a kan fiƙihu da jayayya, domin ta nan ake samun alƙalanci da muƙami. Shekara ɗari tara ke nan, kamar a tsakar gidanmu ya tsaya ya faɗa.

Kada ka ce wannan Balarabe ne ko Bafarishe, bai san ƙasarmu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta wa Ummarun Dallaje Sarkin Katsina wasiƙa a kan tushen mulki, wadda ake kira Usulus Siyasa. A cikinta ya umurce shi ya kula da masu sana'ar da jama'a ba ta wadatuwa ga barinsu, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya sa a same su a kowane gari. Shi kansa Bello ya yi talifi a kan magunguna. Ga Sarkin ƙasarmu aka aiko wannan wasiƙa, mu kuwa mutanen Maska, garin masaƙa da marina tun zamanin kakanni, mu ne ya kamata mu fi kowa gane ta. Shin Bello bai san tauhidi ba ne, ko kuwa ku kuka fi shi tsoron Allah?

Yanzu bari in juya ga malaman da ke karantar da ɗalibai a masallatan makarantu, da shugabannin ƙungiyoyinsu. Ban raina aikinku ba. Tun da aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi a Ikko a 1954, yara da yawa sun tsira daga giya da shashanci ta dalilinta, wannan ba mai musu. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sau nawa kuka tara masu karatun dabbobi kuka ce musu, ku ne za a tambaya game da shanun da ke mutuwa a rugage? Sau nawa kuka ce wa mai koyon aikin malanta, yaran ƙauyen da suka gama firamare ba su iya rubuta sunansu ba suna wuyanka? Abin da na fi ji daga bakin yaranmu in sun dawo hutu shi ne wane ɓatacce ne, wane ba a binsa salla. Sun tafi su koyo abin da za su amfani garinsu, sun dawo da abin da za su raba masallacin unguwa biyu. Yaron da bai san abin da ya kai shi aji ba, dole ya nemi wurin da zai zuba zafin ƙuruciyarsa, gardama kuwa ita ce mafi araha.

Mu iyaye kuma namu laifin ya fi, ni ma ina ciki, gama na yi shekaru ina koyarwa ina ce wa yara ku yi karatu ku huta da fartanya. Astagfirullah. In yaro ya samu gurbi, tambayarmu ɗaya ce, a ina zai yi aiki in ya gama? In an ce lauya ko kwastan sai a yi guɗa. In an ce noma sai uwar ta yi shiru, uban ya ce to Allah ya sa alheri, kamar an yi masa ta'aziyya. Alhali kuwa da kuɗin masara da waken suya da auduga aka biya kuɗin makarantar. Muna yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, amma ba ma son ɗanmu ya duƙa. Haka nan mutum zai yi ta ƙorafi cewa namiji ne ya duba matarsa a asibiti wajen haihuwa, shi kuwa ya hana 'yarsa ta yi karatun ungozoma ko likita. To, daga sama za a sauko da su? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba ta jira wani ya zo daga wata ƙasa ya yi mata ba.

Ku dubi abin da ke kusa da mu. Samaru tana kan hanyarmu ta zuwa Zariya, an fara binciken noma a can tun 1922, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da na auduga da na dawa da yawa da muke shukawa daga can suka fito. A 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa tare da Bankin Duniya, aka yi hanyoyi, aka kawo taki da iri, masara ta bazu a ƙasar nan har ta zama abin da manyan motoci ke ɗauka zuwa Kudu. Duk wannan aikin masu ilimi ne da suka shiga gona suka ƙazantar da rigunansu. Wanda ya fitar da irin da ke jure wa ƙuduji ko fari, ya ciyar da mutanen da bai taɓa gani ba, yana kabari ana ci. In wannan ba sadaka mai gudana ba ce, ku gaya mini sunanta.

In ka ce, Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba, ga masu digiri nan suna tuƙa babur, ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas muna zaune a gida, ga 'yan bindiga sun hana noma a wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, har suka kwashe ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamba 2020, wace niyya kake so mu ƙulla a cikin wannan? Sai in ce, duk gaskiya ka faɗa, kuma alhakin wannan yana kan masu mulki, ba zan wanke su ba. Amma ka lura, wanda ya yi karatu don albashi kawai, ran da albashi bai zo ba, shekarunsa huɗu sun tafi a banza, ba takarda mai amfani, ba ilimi a ka. Shi ne za ka gani a majalisar mai shayi yana zagin ƙasa, ko ya sayar da gonar gado ya nufi hamada. Wanda kuwa ya koyi abin da gaske, ko Gwamnati ba ta kira shi ba, manoma za su kira shi, masu kaji za su kira shi, domin cuta ba ta yajin aiki.

In kuma ka ce, ba abin da na zaɓa aka ba ni ba, sai in ce wa ya zaɓi gidan da aka haife shi? Kai da kake karantar da mutane imani da ƙaddara, ga ta ta zo maka a takardar shiga jami'a, ka ƙi ta. In kana da hanyar canzawa zuwa abin da ka fi iyawa, canza, ba laifi. In babu, to ka ƙulla niyya a kan wanda ke hannunka. Niyya ba a masallaci kaɗai ake yinta ba. Da Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turawa malaman makaranta suke so, ba su tambayi yaran abin da suke sha'awa ba. Ahmadu Bello ya fita ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi, suka riƙe alli da gaske kafin su riƙe ƙasa. Malam Aminu Kano kuma ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, ya bar albashi mai tabbas don abin da ya ga shi ne amfanin talakawa. Ko ka yarda da siyasarsu ko ba ka yarda ba, ba za ka ce ba su san abin da ya kai su makaranta ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Limaman masallatan makarantu su sa wannan babi na farillar kifaya a cikin karatunsu, su kira satar amsa da sunanta na shari'a. Iyaye kuma in yaro ya dawo hutu, kafin a tambaye shi yaushe zai gama, a tambaye shi me ya koyo, a kai shi gona ko garke ko makarantar unguwa ya nuna.

Shi kuwa ɗan ƙanena, da gari ya waye na kama hannunsa muka koma gonar. Na sa ya tuɓe takalmi. Muka buɗe zuciyar masara ɗaya bayan ɗaya, ya ga tsutsar da idonsa, da kashinta kamar dussa. Can sai ya ce, "Baba, na tuna. An ce mana tun tana ƙarama ake kashe ta, kuma da sassafe ko da yamma ake feshi, a cikin zuciyar ake zubawa, ba a kan ganye ba." Na ce, "To ɗana, ubanka da rana tsaka ya fesa, a kan ganye, bayan ta girma. Kuɗin buhu nawa ke nan?" Ya yi shiru. Masarar bara dai ba mu samu rabin abin da muka saba ba. Da zai koma makaranta na sa masa tsutsa uku a kwalba, na ce ya kai wa malaminsa ya tambayo sunan maganin da ya dace da yawan da ake zubawa a tulun feshi, ya rubuto mana da Hausa yadda ubansa zai gane. Takardar ta iso kafin shuka, shafi biyu, tana nan manne a zauren gidanmu, maƙwabta huɗu sun riga sun kwafa. Wassalam.